Zauren Turanci: Yadda "Never" Ta Kusa Raba Direba Da Aikinsa

Assalamu alaikum. Wasiƙu biyar na tsamo wannan makon daga cikin tarin da ya iso, don na lura ciwo ɗaya ne ke damun masu su, wato ƙananan kalmomin nan na Turanci da ake faɗin yawan aukuwar abu da su: "always", "usually", "often", "sometimes", "never" da danginsu. Malaman nahawu a ajin bayanau suke sa su. Mu kuwa a ajinmu na dare a nan Agege, inda nake zama da mahauta da direbobi da 'yan kasuwa bayan sallar isha'i, 'yan sau-nawa muke ce musu, don tambayar da suke amsawa ke nan. Na rage tsawon wasu wasiƙun, masu su su yi haƙuri. Gaisuwar da aka yi wa iyalina duk ta isa.

TAMBAYA: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni direba ne, ina zaune a Obalende, shekarata tara ina tuƙi a Legas. Yanzu ina aiki da wata Baturiya a Ikoyi wadda ba ta fi wata huɗu da zuwa ƙasar nan ba. Ranar Litinin da safe za mu fita, ta tambaye ni ko na duba baƙin mai. Ban kai ga dubawa ba, ina cikin goge gilashi ne, sai na ce mata, "I never check, madam." Wallahi Malam nan take fuskarta ta canza. Ta ce ashe duk watannin nan haka nake ɗaukar ta da 'ya'yanta ba na duba mota? Ba don kuku ya sa baki ba da yanzu ina gida. Ni kuwa ba na tada mota sai na duba mai da ruwan lagireto da iskar taya. Ina laifina a maganar nan?

AMSA: Ƙanena, sannu. Ka nemi goro mai kyau ka kai wa kukun nan, ko da ba ya ci. Kai ba ka yi ƙarya ba, ita ma madam ba ƙage ta yi maka ba. Harsuna biyu ne suka yi karo a bakin gareji.

Abin da ka yi buroka ne, kuma daidai ka yi shi. A buroka "never" tana nufin "tukuna". Yaro ya ce "I never chop", babu wanda zai ɗauka tun da aka haife shi bai taɓa cin abinci ba, an san karin kumallo ne bai samu ba. Maƙwabci ya leƙo ta taga ya ce "Dem never bring light?", yana nufin har yanzu ba a kawo wuta ba. Kwandastan danfo a Oshodi ya ce "Motor never full", sai ka gyara zama, ka san da sauran jira. Kada ka yarda wani ya ce maka wannan ɓataccen Turanci ne. Harshe ne mai ƙa'idarsa. A garin nan Wazobia FM da shi take yini tana watsa shirye-shirye, BBC ma ta buɗe masa sashe na kansa a 2017.

Sai dai madam ba da wannan kunnen ta zo ba. A Turancin da ta tashi da shi, idan ka ce "I never check", labarin halinka ka bayar gaba ɗaya: ba na dubawa, ba al'adata ba ce, jiya ban duba ba, gobe ma ba ni da niyya. Ka sa kanka a matsayinta. Direban da ke haye gadar Third Mainland da 'ya'yanka, kusan kilomita 12 a kan ruwa, ya dube ka ya faɗi haka ko a jikinsa. Ai dole fuska ta canza.

Mu Hausawa abu uku muke rarrabewa a nan, ko a magagin barci ba ma haɗa su. Akwai "ban duba ba tukuna", akwai "ban taɓa dubawa ba", akwai kuma "ba na dubawa sam". Turancin takarda ma uku ya raba su. Na farko shi ne "I haven't checked it yet", ko a taƙaice "Not yet, madam", kuma ka lura babu "never" a cikinsa ko ta magani. Na biyu shi ne "I have never checked it". Wannan "have" ɗin da ke gaba ita ce ke ɗauke da "taɓa" tamu, shi ya sa idan za a tambaye ka ko ka taɓa zuwa Kano sai a ce "Have you ever been to Kano?" Na uku shi ne "I never check it", wanda ka faɗa ba da nufinka ba. Ɗan buroka idan na ukun nan yake nufi, "I no dey check am" zai ce. Ka ga inda gizo ke saƙar: gurbin da Bature ya ajiye "never", ɗan Legas "no dey" ya ajiye, ita kuma "never" ya ba ta wani aiki dabam.

Ba kai kaɗai ba ne. Akwai wani ɗalibina mai sayar da caja da murfin waya a Computer Village da ke Ikeja. Wanda yake aiko masa da kaya daga Chaina ya tambaye shi maganar cikon kuɗi ta WhatsApp, shi kuma ya rubuta masa "I never pay", yana nufin bai je banki ba tukuna. Mutumin can ya zuba saƙon a manhajar fassara, ta fito masa da cewa wannan abokin cinikin ba ya biyan kuɗi. Kwana uku ana riƙe da kayansa. Da ya zo aji yana ba mu labari, dariya har da masu riƙe ciki, shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Ga abin da za ka haddace, ka maimaita shi a mota kafin madam ta fito: "I always check the oil before we leave. I haven't checked it yet this morning." Jimla biyu ne kawai. Ta farko ta wanke ka, ta biyu ta faɗi gaskiyar safiyar. Da kuku da maigadi kuwa ci gaba da burokanka, in ka ce za ka yi musu Turancin Ingila sai su ce ka fara girman kai.

Abu ɗaya na ƙarshe, tun da muna kan "never". Ita kanta korewa ce, ba ta buƙatar a ƙara mata "don't". Mu mun saba da "ba" biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, shi ya sa bakinmu ke son cewa "I don't never smoke". A jarrabawa ko a takardar neman aiki "I never smoke" ta wadatar.

TAMBAYA: Baba Malam, ina yini. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a nan Agege, bana zan zana WAEC in Allah ya yarda. Malamarmu ta Turanci ta ja mini jan biro a ƙarƙashin jimlolin nan, ta rubuta cewa kalmar ba a wurinta take ba, amma ba ta nuna mini wurin ba: "Always I pray before I sleep." "I drink always tea in the morning." "My friend is coming always late." Don Allah ina ne wurin?

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da sa'a. Jimlarki ta farko Hausa ce tsantsa aka sa mata kwat. "Kullum nakan yi addu'a kafin in kwanta." Mu a ƙofar jimla muke ajiye "kullum", sai kika ɗauko "always" kika zaunar da ita a kujerar. Ban ga laifinki ba, ni ma haka na yi ta yi ina yaro, har sai da wani malaminmu ya gaji da jan biro ya koma jan kunne.

Kin taɓa ganin hawan salla? Zagi a gaban doki yake tafiya. To haka kalmomin nan suke da aikatau: suna tafe dab a gabansa, bayan mai aikin. "I always pray." "I always drink tea." "My father usually takes the train from Agege to Oyingbo." "We rarely go to the Island." Abin da ba a yi shi ne a tsoma ta tsakanin aikatau da abin da aikin ya faɗa wa, kamar yadda kika raba "drink" da "tea". Waɗannan biyun Bature ba ya son a shiga tsakaninsu.

Amma akwai manyan da zagi ba ya shiga gabansu, sai dai ya bi su a baya. Su ne "am", "is", "are", "was", "were". Za ki ce "The road is always busy", "I am never late", "They are often tired". Haka kuma idan aikatau ya zo da ɗan rakiya irin su "have", "can", "will", "do", sai kalmar ta shiga tsakaninsu, bayan ɗan rakiya na farko: "I have never seen snow", "You can always call me", "Do you often cook?" Iyakar ƙa'idar ke nan. Littattafai kan cika shafi uku da ita, amma in kin riƙe zagi da manyan nan biyar kin gama.

Wasu daga cikinsu suna da 'yancin yawo. "Sometimes", "usually", "normally" da "occasionally" suna iya buɗe jimla ba laifi: "Sometimes I walk to Pen Cinema." "Sometimes" da "often" suna iya rufe ta ma. "Always" da "never" ne ba su da wannan gatan, sai fa idan umarni ake bayarwa: "Always lock the gate", "Never cross the expressway". Za ki ci karo da irin "Never have I seen such rain" a littafin adabi, inda aka juya jimlar kamar tambaya don a ƙara mata armashi. Daidai ne, amma ki bar wa marubuta kayansu har sai kin samu takardarki a hannu.

Jimlarki ta uku tana da daɗin sha'ani. Hanya biyu ake gyara ta, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. "My friend always comes late" labari ne kawai, kullum a makare take zuwa. "My friend is always coming late" kuwa ƙorafi ne, kamar ki ce ita dai kullum cikin makara take, mun gaji. Duk inda kika ji "always" ta haɗu da aikatau mai "-ing", yawanci akwai tsaki a ƙarƙashi. Saboda haka in kika ce wa gwaggonki "You are always sending me to the market", ki sani tsiwa kika yi, ko da murmushi kika faɗa.

Ki kula da "not always" kuma. Hausawa sun ce ba kullum ake kwana a gado ba, ba su ce ba a kwana a gado ba. "I don't always eat at home" na nufin wani lokaci ina ci a gida, wani lokaci a waje. Yara da yawa sukan ɗauka daidai take da "never", su zaɓi amsar da ba ita ba a tambayoyin canki-canka.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya fi wurin zaman kalmar cinye maki. Na duba rubutun ɗalibai ba adadi, abin da na fi gani shi ne da zarar "always" ta shiga tsakani sai yaro ya manta da "s" ɗin aikatau. Zai rubuta "She comes" lafiya lau, amma ya rubuta "She always come". Zagi ba ya cire wa doki linzami. "She always comes", "He never eats", "It usually rains". A insha'in WAEC akwai maki 10 da aka ware wa tsaftar rubutu, kowane kuskure yana cin rabin maki. Ki yi lissafi da kanki, "s" ashirin nawa ke nan.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni uwargida ce a Idi-Araba, ina sayar da atamfa da leshi da nake sarowa a Balogun, da turaren wuta da ake aiko mini daga Maiduguri. Wata kwastomata Bayarabiya da ta daɗe a Landan ta tambaye ni turare, na rubuta mata "I use to bring it every month." Sai ta amsa da cewa kash, me ya sa na daina? Ni kuwa ban daina ba, kwalabe na nan cike da kabad. 'Yata ta karanta ta yi ta dariya, ta ƙi gaya mini dalili.

AMSA: Hajiya, a gaishe ki da sana'a. Ita kuma 'yar taki ki ce Malam ya ce ilimin da aka ɓoye wa uwa ba ya albarka.

Abin da kike son faɗa shi ne "nakan kawo". Hausa tana da wannan "kan" ɗin, abin da masu nahawu ke kira lokaci sabau: nakan je, takan zo, mukan saya. Da Bahaushe ya shiga Turanci sai ya yi ta laluben abin da zai maye masa ita, ya ji ana cewa "use to" ko'ina a Najeriya, ya ce ya samu. Ba mu kaɗai ba, Yarabawa da Ibo ma haka suke yi, shi ya sa a Balogun babu wanda zai ɗaga miki gira. Amma a Turancin da kwastomarki ta sha a Landan, "used to" tana nufin "da", abin da ake yi a baya aka daina. "Lagos used to be the capital": da Legas ce babban birnin tarayya, har zuwa Disambar 1991 da aka koma Abuja. "Okada used to carry passengers in Ikeja": da 'yan acaɓa suna ɗaukar fasinja a Ikeja, kafin dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Yunin 2022, wadda ta mayar da yaranmu da yawa gida ko ta tura su bayan gari. Duk inda "used to" ta shiga, an yi wa abin sallama.

Kada ki ce ai ke "use" kika rubuta, babu "d". A baki duk ɗaya suke fita, don "d" ɗin tana narkewa cikin "t" ta "to". Mai karatu zai ɗauka mantawa kika yi da harafin. Wurin da "use to" ke zama daidai shi ne bayan "did", kamar "Did you use to live in Kano?", kuma nan ma maganar da ce.

To ina "kan" ɗin Turanci? Ba shi da ita a matsayin kalma. Aikatau tsurarsa shi ke ɗauke da sabo: "I bring it every month." Shi ke nan, kin faɗi nakan kawo duk wata. In kina son ki nuna yawanci ne, ba dole kowane wata ba, sai ki sa zagi a gaba: "I usually bring it at the end of the month." Ki lura da yadda "usually" da "use to" suka yi kama a kunne. Ina kyautata zaton wannan kamar tana cikin abin da ya rikita mu tun farko.

Akwai ta uku da ke zaune kusa da su, "I am used to", wadda ke nufin na saba. "I am used to Lagos traffic", na saba da cunkoson Legas. Wanda ya faɗi haka dai bai kwana a hanyar Apapa a bayan tankokin mai ba.

Ki koma ki rubuta mata: "I still bring it. I bring it every month." Kada cinikin ya wuce ki.

TAMBAYA: Malam, ni dillalin tumatir da attaruhu ne a kasuwar Mile 12, ina koyon Turanci da kaina in kasuwa ta lafa. Littafi ɗaya ya ce "usually" kashi 90 ce cikin 100, "often" 70, "sometimes" 50. Wani littafin ya ce 80 da 60 da 40. Wanne ne gaskiya? Ni mutumin lissafi ne, ba na son kame-kame.

AMSA: Alhaji, ai ka fi ni sanin cewa kwando ba sikeli ba ne. Kwandon Kadawa dabam, na Jos dabam, amma kowa ya san babba ya fi ƙarami. Haka lambobin nan suke. Babu wata hukuma da ta zauna ta auna su, marubuta ne kowa ya yanka yadda zai sauƙaƙa wa ɗalibi. Abin riƙewa shi ne jerin, daga sama zuwa ƙasa, kuma Hausa tana da nata tsaf: "always" kullum, "usually" yawanci ko galibi, "often" sau da yawa, "sometimes" wani lokaci, "occasionally" jefi-jefi, "rarely" da "seldom" ba kasafai ba, "hardly ever" da wuya, "never" sam. In wani ya tambaye ka jefi-jefi kashi nawa ne cikin ɗari, me za ka ce masa?

Inda lambobin suka fi yin ɓarna shi ne tsakanin "usually" da "often", don suna sa mutum ya ɗauka abu ɗaya suke aunawa, ɗaya ta ɗara ɗaya kaɗan. Ba haka ba ne. "Often" yawan zuwa take ƙirgawa. "Usually" kuwa cewa take yi, a duk lokacin da abin ya tashi, ga yadda aka fi yin sa. Mutumin da ba ya zuwa gida sai babbar salla zai iya cewa "I usually travel to Kano by road", yawanci ta mota nake zuwa, alhali sau ɗaya yake zuwa a shekara. Amma ba zai ce "I often travel to Kano" ba, wannan maganar direban tirelar da ke kawo maka kaya ce. Da Hausa ma ai ka san bambancin "yawanci da mota nake zuwa" da "ina yawan zuwa".

"Seldom" ta littafi ce, da wuya ka ji ta a bakin mutum, "rarely" ta fi ta yawo. Ita kuwa "hardly" ina da tabonta. Ina sabon zuwa Ikko, na je neman aikin koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Mai makarantar ya tambaye ni halina wajen aiki. Na san "slow" tana zama "slowly", "quick" tana zama "quickly", sai na ce to "hard" ma ai haka ne. Na gyara zaman hula na ce masa, "Sir, I hardly work." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ya gode da gaskiyata. Sai a cikin bas ɗin molue a hanyar komawa wani ɗan'uwa da ya raka ni ya fassara mini abin da na faɗa: da wuya in yi aiki. "I work hard" nake nufi. Har yau in na zo koyar da kalmar nan sai na ji kunnena ya yi zafi.

Tun da kai mutumin lissafi ne, ga inda za ka samu lissafi na gaske: "once", "twice", "three times", da "every". Waɗannan ba zagi ba ne, a ƙarshen jimla suka fi zama. "The truck comes twice a week." "We clean the market every Thursday", kamar yadda kuke yi da safiyar Alhamis kafin a buɗe rumfuna. In kana ciniki da mai otal, kada ka ce masa "I often supply", bai san ranar da zai sa ido ba. Ce masa "I supply three times a week." Ka kiyayi "every other day" a takardar magani, ba kullum take nufi ba, yau a sha gobe a huta ne. Wadda ake tambaya da ita kuma ita ce "How often?", wato sau nawa, ko duk bayan yaushe.

Za ka kuma ji 'yan boko suna cewa "I have called him severally", suna nufin na kira shi sau da dama. A asalin Turanci "severally" na nufin kowa daban-daban, lauyoyi ne suka fi amfani da ita. Shekara da shekaru ina ja wa ɗalibai jan biro a kanta, sai ga shi a Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da ma'anar tamu ta Najeriya, tare da "danfo" da "okada" da "Kannywood". Na rage zafin hannu tun daga nan. Duk da haka wanda zai rubuta wa baƙo wasiƙa, ko zai zauna jarrabawa, "several times" nake ba shi shawara.

TAMBAYA: Malam, ni ɗinki nake yi a Alabar Rago. Zan sa a rubuta mini allo, shin "We open everyday" ne ko "every day"? Kuma "t" ɗin "often" ana faɗin ta?

AMSA: Ɗana, a raba su: "We open every day." Wadda aka haɗe, "everyday", sifa ce, tana nufin na yau da kullum, kamar "everyday clothes", kayan sawa na zaman gida. Ka tsaya a kan mai fentin har ya gama, don na ga allunan da aka biya kuɗi aka rubuta kuskuren da manyan baƙaƙe. In kana rufewa lokacin sallar Juma'a ka sa ya ƙara a ƙasa, kada kwastoma ya zo ya tarar da kwaɗo ya ce allonka ya yi ƙarya. Irin wannan tarkon ne ke tsakanin "sometimes", wani lokaci, da "sometime", wata rana da ba a sa ba. Tela ya ce wa mai kaya "Come sometime next week", ya san abin da yake yi.

"T" ɗin "often" kuwa, ka faɗe ta ko ka haɗiye ta, duk Turawa suna yi.

Ɗan'uwanmu mahauci na Oko-Oba da ya yi tambaya kan bambancin "borrow" da "lend", wasiƙarka ta iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan dai kada ka sake ce wa kowa "borrow me".